Mohamed Bazoum: Malamin falsafar da ya riƙe PNDS da abin da ya bari a bakin Komadugu

A ranar 26 ga Maris ɗin 2025, ranar da aka rantsar da Janar Abdourahamane Tiani a matsayin shugaban Jamhuriyar Nijar na tsawon shekara biyar, aka kuma sanar da rusa dukkan jam'iyyun siyasar ƙasar. Cikin waɗanda abin ya rutsa da su har da PNDS-Tarayya, wadda ta yi shekara 12 tana mulki. Wani matashin malamin sakandare na cikin waɗanda suka kafa ta a ƙarshen 1990. Daga baya ya riƙe shugabancinta na kusan shekara goma, ita kuma ta kai shi fadar shugaban ƙasa.

Malamin shi ne Mohamed Bazoum. Labarin rusa jam'iyyar ya same shi ne a tsare a gidan shugaban ƙasa da ke Yamai, inda dakarun da ke gadinsa suka kulle shi tare da mai ɗakinsa Hadiza tun ranar 26 ga Yulin 2023.

Yawancin abin da ake faɗa a kan Bazoum bai wuce alaƙarsa da Faransa da dambarwar ƙungiyar ECOWAS ko CEDEAO ba. Amma duk mai son auna aikinsa da ma'aunin talaka sai ya yi tafiyar sama da kilomita 1,300 daga Yamai zuwa gabas, ya isa jihar Diffa. A nan aka haife shi, a nan kuma ya gwada manyan dabarunsa biyu na kawo ƙarshen yaƙin Boko Haram: karɓar tubabbun mayaƙa lokacin yana ministan cikin gida, da mayar da 'yan gudun hijira garuruwansu lokacin yana shugaban ƙasa.

Daga Bilabrin zuwa Dakar

An haifi Bazoum ranar 1 ga Janairun 1960 a Bilabrin, wani ƙauyen makiyaya da ke arewacin jihar Diffa, wata bakwai kafin Nijar ta samu 'yancin kai. Iyayensa Larabawa ne 'yan Awlad Sulaiman, waɗanda kakanninsu suka taso daga yankin Fezzan na Libiya suka zauna a kewayen Tafkin Chadi tun cikin ƙarni na 19. Larabawan Nijar gaba ɗayansu ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na al'ummar ƙasar ba, Awlad Sulaiman kuwa wani yanki ne kawai daga cikinsu.

A Tesker ta jihar Damagaram ya tashi, a can ya yi firamare. Daga nan sai Gure, sannan sakandaren Amadou Kouran Daga da ke birnin Damagaram, inda ya ci jarrabawar BAC a 1979. Ga ɗan makiyayi na wancan zamani, kowane matakin karatu sai ya ƙara nisanta shi da gida. Na gaba ya kai shi har Senegal, inda ya yi shekara biyar a Jami'ar Dakar yana karanta falsafar siyasa da ɗabi'a, ya kuma zurfafa a ilimin manɗiƙi. Ya dawo gida a 1984 yana da shekara 24, ya ɗauki alli.

Aji da ƙungiyar ƙwadago

A tsarin karatun ƙasashe rainon Faransa, a ajin ƙarshe na sakandare ake koyar da falsafa. Ana ba ɗalibi tambaya, ya kawo hujjar wannan ɓangare, ya kawo ta wancan, sannan ya yanke hukunci da dalili. Wannan darasi Bazoum ya yi kusan shekara shida yana koyarwa a Tawa da Maraɗi, a zamanin mulkin soja na Janar Seyni Kountché da magajinsa Janar Ali Saibou, lokacin da kafa jam'iyyar adawa laifi ne.

Ƙofar da ta rage wa mai son faɗin albarkacin bakinsa ita ce ƙungiyar ƙwadago. Bazoum ya shiga ƙungiyar malaman makaranta ta SNEN, daga nan ya shiga sahun jagororin uwar ƙungiyar ma'aikata ta USTN.

Ranar 9 ga Fabrairun 1990 jami'an tsaro suka buɗe wuta a kan ɗaliban da ke zanga-zanga a gadar Kennedy ta Yamai, uku suka rasu. Ɗaliban na adawa ne da matakan tsuke bakin aljihu da suka shafi karatunsu. Kisan ya haɗa kan ɗalibai da ma'aikata, yajin aiki ya biyo baya, kuma kafin shekarar ta fita Ali Saibou ya amince da tsarin jam'iyyu da yawa. Ranar 23 ga Disamban 1990 aka kafa PNDS-Tarayya mai ra'ayin gurguzu. Mahamadou Issoufou, injiniyan ma'adinai ɗan jihar Tawa, shi ne jagora. Bazoum da Hassoumi Massaoudou da Foumakoye Gado na cikin na hannun damansa. Malaman makaranta da ma'aikatan gwamnati su ne ƙashin bayan jam'iyyar a farkonta.

A babban taron ƙasa da aka yi daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamban 1991 ƙarƙashin malamin tarihi André Salifou, Bazoum ya wakilci USTN. Da aka kafa gwamnatin riƙon ƙwarya ta Firaminista Amadou Cheiffou, sai aka ba shi ƙaramin minista mai kula da hulɗar haɗin gwiwa da ƙasashen waje, yana da shekara 31. Daga nan siyasa ta zama sana'arsa.

Hanyar da ya bi tsohuwa ce a ƙasar Hausa. Diori Hamani, shugaban Nijar na farko, malamin makaranta ne, haka Boubou Hama da Djibo Bakary na Sawaba. A Najeriya ma Abubakar Tafawa Ɓalewa da Malam Aminu Kano da Shehu Shagari duk daga aji suka fito. Malami a wancan zamani shi ne mai karatu a gari, shi ke rubuta wa mutane takarda, ya kuma saba tsayawa gaban jama'a ya yi bayani. Sai dai ƙarshen waɗanda suka kai ƙololuwa a cikinsu kusan iri ɗaya ne. Sojoji sun kashe Ɓalewa a 1966, sun kifar da Diori a 1974, sun kifar da Shagari a 1983.

Shekarun adawa da karo da Tandja

A 1993 Bazoum ya shiga majalisar dokoki daga Tesker, ɗaya daga mazaɓu na musamman da aka ware wa ƙananan ƙabilu. A Fabrairun 1995 ya zama ministan harkokin waje a gwamnatin Hama Amadou. Ba a cika shekara ba Kanar Ibrahim Baré Maïnassara ya yi juyin mulki ranar 27 ga Janairun 1996. An bar Bazoum a kujerarsa na 'yan watanni, sannan suka raba gari. Ya sha ɗaurin talala a 1996, aka kama shi a 1997 bayan wata zanga-zanga, aka sake kama shi a farkon 1998 bisa zargin shirya kashe Baré, aka sake shi ba tare da an gurfanar da shi ba.

Bayan kashe Baré a 1999, mulki ya koma hannun wani ɗan jihar Diffa. Mamadou Tandja haifaffen Maine-Soroa ne, garin da ke kusa da kogin Komadugu, kuma yana cikin hafsoshin da suka kifar da Diori. Sau biyu ya kayar da Issoufou a zagaye na biyu, a 1999 da 2004. Bazoum ya yi waɗannan shekaru a ɓangaren adawa a matsayin mataimakin shugaban PNDS, kuma bayan zaɓen 2004 ya zama ɗaya daga mataimakan shugaban majalisa. Yana cikin 'yan majalisar da suka shigar da ƙudurin yanke ƙauna da ya kayar da gwamnatin Hama Amadou a ƙarshen Mayun 2007.

Da Tandja ya ɗauko tazarce a 2009, ya rusa majalisa da kotun tsarin mulki, ya shirya ƙuri'ar raba gardama ta 4 ga Agusta don ƙara wa kansa shekara uku, Bazoum na cikin masu kiran a ƙaurace mata, har 'yan sanda suka tsare shi na ɗan lokaci. Sojoji ƙarƙashin Salou Djibo sun kifar da Tandja ranar 18 ga Fabrairun 2010. 'Yan kwanaki bayan haka kafofin yaɗa labarai suka ruwaito Bazoum, da yawun ƙawancen adawa na CFDR, yana neman a gurfanar da Tandja bisa laifin cin amanar ƙasa, domin ya zama darasi ga shugabannin gaba. Tandja ya yi fiye da shekara ɗaya a tsare, aka sake shi a Mayun 2011. Ya rasu ranar 24 ga Nuwamban 2020, aka kai shi Maine-Soroa aka rufe.

Issoufou ya ci zaɓen 2011. Tun da tsarin mulki ya hana shugaban ƙasa riƙe jam'iyya, sai ragamar PNDS ta faɗo hannun Bazoum, wanda ya kuma koma ma'aikatar harkokin waje.

Yadda yaƙi ya iso bakin kogi

Ruwan Komadugu Yobe daga Najeriya yake zuwa. Kogin Haɗeja da ya kwaso ruwan Kano da Challawa, da kogin Jama'are da ya ratso Bauchi, su ke haɗuwa su bi ta Gashuwa da Gaidam, sannan su zama iyaka tsakanin Nijar da Najeriya na kusan kilomita 150 kafin su faɗa Tafkin Chadi kusa da Bosso. Barebari ne mafi yawa a gaɓarsa, ga Buduma a tsibirai, ga Fulani makiyaya, ga Hausawa 'yan kasuwa da masunta. Arzikin kwarin tattasai ne da bandar kifi, kuma galibinsu kasuwannin Najeriya ake kai su. Shi ya sa naira ke yawo a kasuwar Diffa kamar kuɗin gida. Da rani ruwan kan janye har a iya tsallakawa da ƙafa.

Ranar 6 ga Fabrairun 2015 Boko Haram ta tsallako ta kai hari Bosso da Diffa. Cikin kwanaki gwamnatin Issoufou ta kafa dokar ta-ɓaci. Aka hana hawa babur, abin da ya kashe sana'ar 'yan kabu-kabu dare ɗaya. Aka hana cinikin tattasai da kifi, aka taƙaita sayar da taki da man fetur, aka rufe kasuwanni da dama. Hujjar hukuma ita ce mayaƙan na karɓar haraji daga waɗannan sana'o'i, suna haɗa bam da taki, suna kai hari a kan babura. Bayan harin tsibirin Karamga na Afrilun 2015 kuma aka umarci mazauna tsibiran tafkin su fice cikin 'yan kwanaki. Dubbai suka taho a ƙasa cikin zafin bazara.

Kafin ƙarshen 2015 makarantu sama da 150 sun rufe a jihar, yara sama da dubu 12 suka koma zaman gida. Harin Bosso na 3 ga Yunin 2016 ya sake tayar da dubban mutane. Bukkokin 'yan gudun hijira suka jeru a gefen babbar hanyar ƙasa mai lamba 1.

A lokacin da aka ɗauki matakan farko, Bazoum na shugabantar jam'iyya mai mulki kuma yana cikin gwamnati. Daga Afrilun 2016 ya zama ministan cikin gida, wato gwamnan Diffa da 'yan sanda da dakarun tsaron ƙasa duk suna ƙarƙashinsa. A zamaninsa aka ɗage haramcin tattasai a 2017, aka ɗage na kamun kifi a 2019. Amma shekarun da manomi ya yi bai shiga gonarsa ba babu mai biyansa, kuma masu nazarin rikicin sun sha nuna cewa rashin abin yi ya tura wasu matasa hannun Boko Haram.

Tubabbun Gudumariya

A ƙarshen Disamban 2016 Bazoum ya je Diffa ya sanar da cewa mayaƙa kusan 30 'yan Nijar sun miƙa wuya, kuma gwamnati ta buɗe ƙofa ga duk wanda zai ajiye makami. Aka kafa musu sansani a Gudumariya, a yammacin jihar, nesa da bakin kogi, inda ake koya musu sana'a, malaman addini kuma na yi musu wa'azi.

Tunanin da ke bayan shirin mai sauƙin fahimta ne. Da yawa daga yaran da suka shiga daji kuɗi da babur aka yaudare su da su, wasu kuma tilasta musu aka yi. Idan suka san akwai hanyar dawowa ba tare da an harbe su ba, za su dawo, kuma duk wanda ya dawo an rage bindiga ɗaya a bakin kogi.

Aiwatarwar ce ta yi tafiyar hawainiya. An buɗe sansanin kafin a tanadi dokar da za ta fayyace matsayin mutanen da ke cikinsa, don haka rukunin farko, sama da mutum ɗari, sai a Disamban 2019 aka yaye su, kusan shekara uku bayan sanarwar. A garuruwan da aka ƙona kuma akwai ƙorafin da har yau ake maimaitawa, cewa wanda ya yi kisa ya samu horo da kayan sana'a, wanda aka kashe wa uba bai samu komai ba. Hare-hare ma ba su tsaya ba. A Yulin 2017 an yanka mutum tara a Ngalewa aka sace mata da yara 39. Daren 12 ga Disamban 2020, jajibirin zaɓen ƙananan hukumomi, an kashe aƙalla mutum 27 a Tumur aka ƙona ɗaruruwan gidaje.

Tsohon ɗan ƙwadago a kujerar 'yan sanda

Shekaru huɗun da ya yi a ma'aikatar cikin gida su ne masu sukarsa suka fi kafa hujja da su. Ranar 10 ga Afrilun 2017 jami'an tsaro suka tarwatsa zanga-zangar ɗaliban jami'ar Yamai, ɗalibi ɗaya ya rasa ransa. Ranar 25 ga Maris ɗin 2018 aka kama jagororin ƙungiyoyin farar hula, ciki har da Moussa Tchangari da Ali Idrissa da Nouhou Arzika, saboda zanga-zangar adawa da dokar kasafin kuɗi, suka yi watanni a gidan yari. Hana jerin gwano ya zama ruwan dare.

Tsofaffin abokan aikinsa ma ba su tsira ba. Malaman kwantiragi, waɗanda su ne mafi yawa a ajujuwan Nijar, sun sha yajin aiki kan jinkirin biyansu. A 2017 gwamnati ta yi musu jarrabawar tantancewa duk da adawar ƙungiyoyinsu, dubbai suka rasa aiki. Ga mutane da yawa, mutumin da yajin aiki da zanga-zanga suka buɗe wa ƙofar siyasa a 1990 shi ne ya dawo yana rufe wa wasu ita. Magoya bayansa kuwa na cewa ƙasar da ake yaƙa ta iyakar Najeriya da ta Mali ba za ta bar titi ya gagari hukuma ba.

Zaɓe da maganar asali

PNDS ta tsayar da shi takara tun a Maris ɗin 2019. 'Yan adawa suka garzaya kotu suna cewa ba haifaffen Nijar ba ne, kotun tsarin mulki ta yi watsi da ƙarar. A Diffa wannan magana ba baƙuwa ba ce. A Oktoban 2006 gwamnatin Tandja ta sanar da korar Larabawan Mahamid daga jihar zuwa Chadi, kafin ta janye cikin 'yan kwanaki.

Bazoum, wanda ke yi wa taro jawabi da Hausa ba tare da tafinta ba, ya zo na ɗaya a zagayen farko na 27 ga Disamban 2020 da kashi 39 cikin ɗari. A zagaye na biyu, ranar 21 ga Fabrairun 2021, MNSD-Nassara ta marigayi Tandja ta mara masa baya, ya kayar da tsohon shugaba Mahamane Ousmane da sama da kashi 55. Ousmane ya ƙi amincewa da sakamakon, aka yi tarzoma a Yamai, aƙalla mutum biyu suka rasu.

Hausawa na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. A daren Laraba 31 ga Maris ɗin 2021 wasu sojoji suka yi yunƙurin juyin mulki, dakarun fadar shugaban ƙasa ƙarƙashin Janar Tiani suka murƙushe su. Ranar Juma'a 2 ga Afrilu aka rantsar da Bazoum, karo na farko a tarihin Nijar da zaɓaɓɓen shugaba ya miƙa mulki ga zaɓaɓɓe. Ya sauka daga shugabancin jam'iyya, Foumakoye Gado ya gaje shi.

Komawa Baruwa

A lokacin jihar Diffa na ɗauke da 'yan gudun hijira sama da dubu 250, kusan rabinsu 'yan Najeriya. Bazoum ya yi alƙawarin mayar da mutane garuruwansu kafin ƙarshen 2021. Hujjarsa ita ce ƙauyen da babu kowa na Boko Haram ne, kuma mutumin da ke noma gonarsa ya fi mai jiran buhun agaji amfani ga kansa da ga tsaro.

Ranar 20 ga Yunin 2021 motoci suka kwashe mutum kusan dubu shida zuwa Baruwa, garin da ke kusa da tafkin wanda aka watse daga cikinsa tun 2015. A farkon Yuli Bazoum ya je garin da kansa. A wannan tafiya ce ya gana da Gwamnan Borno Babagana Umara Zulum, suka amince da shirin mayar da 'yan Najeriya kusan dubu 130 gida. Cikin makonni aka mayar da wasu dubbai zuwa ƙauyuka kusan 20.

A daren 24 ga Agusta, wata biyu da komawar, mayaƙa suka afka wa sansanin sojan da ke gadin Baruwa, sojoji 16 suka kwanta dama. Ƙungiyoyin agaji sun nuna damuwa cewa ana mayar da mutane wuraren da tsaro bai kankama ba, rijiyoyi da asibitoci da makarantu kuma sun lalace. Satar mutane don kuɗin fansa ta ci gaba a gaɓar kogin. Wa'adin Disamba ya wuce, mafi yawan 'yan gudun hijirar na nan inda suke. Duk da haka waɗanda suka koma sun sake shuka gonakin da suka yi shekara shida ba su gani ba. Dokar ta-ɓacin da ake sabuntawa duk bayan wata uku kuwa, Bazoum ya same ta, ya kuma bar ta.

Malami a fada

A fannin ilimi ne aka fi ganin tsohuwar sana'arsa. Ya yi alƙawarin kai kason ilimi kashi 22 cikin ɗari na kasafin kuɗi. A ƙasar da 'yan mata uku cikin huɗu ke aure kafin shekara 18, ya ɗauki gina makarantun kwana na 'yan mata a karkara a matsayin babban aikinsa, domin iyaye da yawa na cire 'yarsu daga makaranta ne idan sakandare ta yi nisa kuma babu amintaccen masauki. An buɗe ta farko a Kelle, cikin gundumar Gure inda shi kansa ya yi karatu, a 2021. Burinsa guda ɗari ne, kuma ba a kai ko kusa ba lokacin da aka kifar da shi.

Gadon da ya tarar ya nuna kansa tun a kwanakin farko. Ranar 13 ga Afrilun 2021 gobara ta cinye ajujuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara kusan 20 suka rasu. Ranar 8 ga Nuwamba irin haka ta faru a Maraɗi, garin da ya taɓa koyarwa, yara sama da 20 suka rasu. Ajujuwan zana dubbai ne a faɗin ƙasar, bayan shekara goma na mulkin jam'iyyarsa.

Ya kuma faɗaɗa dabarar Gudumariya zuwa yamma. A Fabrairun 2022 ya bayyana cewa ya saki wasu fursunoni masu iƙirarin jihadi don buɗe ƙofar tattaunawa. A watan Afrilu majalisa ta amince da girke sojojin ƙasashen waje, a daidai lokacin da Mali ke korar na Faransa. Waɗannan matakai biyu na cikin abubuwan da aka juya aka soke shi da su daga baya.

Wata Larabar

Ranar Laraba 26 ga Yulin 2023 dakarun Janar Tiani suka rufe fadar. Da dare sojoji suka sanar da kafa majalisar CNSP, suna kafa hujja da taɓarɓarewar tsaro da rashin iya mulki. Bazoum ya yi shekara biyu da kusan wata huɗu a kan mulki. Ya ƙi sa hannu a takardar murabus.

Takunkumin da ECOWAS ta ƙaƙaba don a mayar da shi ya rufe iyakar Najeriya har zuwa Maris ɗin 2024, kuma manoman tattasai da dillalan kifin Diffa na cikin waɗanda suka ji a jikinsu. A titunan Yamai dubbai sun fito suna goyon bayan sojoji da korar Faransa, wadda ta kwashe dakarunta a Disamban 2023. A cikin PNDS kanta an samu rarrabuwar kai kan rawar da Issoufou ya taka, zargin da shi ya musanta.

A Agustan 2023 sojoji suka ce za su gurfanar da Bazoum bisa cin amanar ƙasa, laifin da ya nemi a tuhumi Tandja da shi shekara 13 kafin nan. Kotun ECOWAS ta ba da umarnin sakinsa a Disamban 2023, ba a bi ba, daga baya ma Nijar ta fice daga ƙungiyar. An saki ɗansa Salem a Janairun 2024. Ranar 14 ga Yunin 2024 wata sabuwar kotu da sojoji suka kafa ta cire masa rigar kariya. Da aka saki wasu tsofaffin ministocinsa a Afrilun 2025 ba ya ciki, kuma ya cika shekara biyu a tsare a Yulin 2025 ba tare da an fara shari'arsa ba.

Jihar Diffa ta ba Nijar shugabanni biyu, soja ɗaya da malami ɗaya, kuma dukkansu sojoji ne suka sauke su suka tsare. Wa'adin da aka zaɓi Bazoum a kai zuwa Afrilun 2026 yake. Da an bar shi ya kai, mutanen Baruwa da iyalan Ngalewa da 'yan kabu-kabun Diffa da malaman kwantiragi su ne za su duba abin da ya yi da wanda ya kasa, su ba shi maki a akwatin zaɓe. Kundin da aka rantsar da Janar Tiani a kansa ya ba shi shekara biyar, wato zuwa 2030, da damar ƙarawa gwargwadon halin tsaro. Kafin nan babu ranar zaɓe, babu kuma jam'iyyar da manomin tattasai zai hukunta ko ya saka wa.